Hakiman Ƙasar Sin A Gaban Akwatin Hoto

RAN 24 ga watan Oktoba na shekarar 1860, a wani babban zaure na Ma'aikatar Bukukuwan Fada da ke birnin Bejin, wani ɗan sarki mai shekara 27 da haihuwa ya zauna zai sa hannu a takardar sulhun da aka tilasta wa ƙasarsa. Sunansa Yixin, amma an fi saninsa da Yarima Gong. Wansa Xianfeng, Sarkin Sarakunan Sin, ya riga ya fice daga gari ya yi arewa, ya bar shi da sojojin Ingila da na Faransa a bakin ƙofa. Kwana shida kafin ran nan ne kuwa Turawan Ingila suka cinna wa fadar Yuanmingyuan wuta, wadda sarakunan Sin suka shafe fiye da shekara ɗari suna ƙawata ta.

Ana cikin wannan hali sai wani Bature mai suna Felice Beato ya shigo da wani akwati mai ƙafa uku, ya girka shi a tsakiyar zaure, ya juya bakinsa ya saita ƙirjin Yarima, sa'an nan ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle. Janar Hope Grant, shugaban sojojin Ingila, wanda aka yi abin a kan idonsa, ya ba da labari cewa tsoro ya kama Yarima har fuskarsa ta sake, domin ya zaci wata irin igwa ce aka kawo a hallaka shi. Sai da aka yi masa bayani cewa hotonsa kawai ake so, kana hankalinsa ya kwanta. Duk da haka hoton bai fito ba, saboda zauren ba shi da isasshen haske. Sai a farkon watan Nuwamba Beato ya sami ɗaukar Yarima a zaune, fuska a murtuke, kamar wanda aka yi wa mutuwa.

Daga wannan zamani zuwa faɗuwar sarautar a 1912 an ɗauki hotunan hakiman Sin da hafsoshinsu masu ɗimbin yawa. Waɗannan hotuna su ne suka fara nuna wa duniya ainihin kamannin mutanen da ke riƙe da ƙasar da ta fi kowace yawan jama'a a wancan lokaci. Amma fa hoto shaida ne mai bukatar a yi masa tambayoyi, don kuwa akwai abin da ya faɗa, akwai wanda ya ɓoye, akwai kuma wanda aka sa shi ya faɗa.

SU WANE NE

Gidan sarautar da ke mulki a lokacin shi ne na Qing, wanda ake furtawa Cing. Su ba Sinawan asali ba ne, 'yan ƙabilar Mancu ne daga arewa maso gabas, waɗanda suka ci Bejin a 1644. A shekara mai bi suka ba da umurni kowane namiji ya aske gaban kansa, ya bar gashin ƙeya ya kitse shi dogon tukku guda, wanda ya ƙi kuwa a bakin ransa. Shi ya sa babu hoton hakimi ko soja na wannan zamani da za a gani ba da wannan aski ba. Alamar mubaya'a ce da mutum ke yawo da ita a kansa.

Turawa suna kiran ma'aikatan nan mandarin, kalmar da suka tsinta daga bakin mutanen Fotugal. Adadinsu kaɗan ne ƙwarai. Masu riƙe da muƙaman mulki na sosai ba su wuce kimanin 20,000 ba, a ƙasar da jama'arta suka kai wajen miliyan 400. Babbar hanyar shiga ita ce jarrabawa a kan littattafan Kwanfushiyas, daga ta gunduma zuwa ta lardi, zuwa ta babban birni. Wanda ya ci akan tura shi lardin da ba nasa ba, kuma akan sauya masa wuri bayan 'yan shekaru don kada ya yi saiwa. Hakimin gunduma shi ne alƙali, shi ne mai tara haraji, shi ne mai kama ɓarayi.

RIGA MAI MAGANA

An kasa ma'aikatan nan daraja tara, ta farko ita ce ƙololuwa, kowace kuma tana da babba da ƙarama. Wanda ya san ƙa'ida ba ya bukatar tambaya, da ya dubi mutum ya san matsayinsa. A kan doguwar riga akan ɗora wata baƙa mai sirkin shuɗi, a ƙirjinta da bayanta akwai wani ƙyalle mai kusurwa huɗu wanda aka yi wa aikin zare. Ma'aikatan alƙalami tsuntsaye ne a nasu. Mai daraja ta farko yana da farin tsuntsu dangin gauraka, na biyu wata kazar daji mai ruwan zinariya, na uku ɗawisu, na huɗu dinyar daji, na shida balbela, na bakwai wata irin agwagwa, na takwas salwa. Hafsoshin soja kuwa namun daji ne: na farko wata dabbar almara da ake kira cilin, na biyu zaki, na uku damisa, na bakwai da na takwas karkanda, na tara dokin ruwa. 'Ya'yan sarauta nasu ƙyallen zagayayye ne, da surar macijin almarar nan na Sinawa.

Hula ma tana da nata bayanin. Da zafi akan sa wadda aka saƙa, mai kama da ƙaramar malafa, da jan zare yana zubowa daga tsakiya; da sanyi kuma mai naɗaɗɗen baki na karan-miski ko gashin dabba. A tsakiyar hular akwai ɗan dunƙulen dutse: jan yaƙutu ga daraja ta farko, murjani ga ta biyu, shuɗi mai ɗaukar ido ga ta uku, shuɗi mai duhu ga ta huɗu, garai-garai kamar ƙarau ga ta biyar, fari ga ta shida, daga nan sai na ƙarfe mai ruwan zinariya. Wanda sarki ya yaba wa akan ba shi gashin wutsiyar ɗawisu ya soka a bayan hula, mai ido ɗaya, ko biyu, ko uku. Mai ido ukun nan 'yan tsiraru ne suka taɓa samun shi. A wuya akwai wani dogon abu kamar carbi mai ƙwaya 108, wanda ba a yarda kowa ya rataya ba sai ma'aikacin alƙalami daga daraja ta biyar zuwa sama, ko hafsa daga ta huɗu. Bakin hannun riga kuwa an yanka shi kamar kofaton doki, don tunawa da cewa Mancu mahaya ne. A ƙafa sai baƙin takalmi sau-ciki mai farin ƙasa mai kauri.

To, a nan ne akwatin hoto ya fara cin amanar masu sarauta. Rabin wannan bayani a launi yake, hoton wancan zamani kuwa ba shi da launi. Bugu da ƙari, maganin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto a lokacin shuɗi ya fi gani, ja da rawaya kuwa sai ya mai da su duhu. Saboda haka jan yaƙutun da mutum ya yi shekara talatin yana nema sai ya fito baƙin ɗigo kurum. Gajeriyar rigar nan rawaya da sarki kan ba jarumawansa, wadda ba abin da ya fi ta daraja a idon hafsa, takan fito da duhu kamar rigar kowa. Har Baturen Ingila Charles Gordon an ba shi irinta a 1864 saboda ya taimaka wajen murƙushe tawayen Taiping, shi ne wanda mayaƙan Mahadi suka kashe a Khartum a 1885.

YADDA SUKE SO A GAN SU

'Yan shekaru kaɗan bayan da aka bayyana fasahar hoto a Faransa a 1839, ta isa Sin. Wani ma'aikacin kwastan na Faransa, Jules Itier, shi ya ɗauki Qiying, wakilin sarki da ya ƙulla yarjejeniyar Whampoa da Faransa a 1844. Amma wanda ya fi kowa barin tarihi shi ne John Thomson, mutumin Sikotlan, da ya zaga ƙasar daga 1868 zuwa 1872, ya kuma buga littafi mai juzu'i huɗu da hotuna 200 a 1873 da 1874. Aikin ba na rago ba ne. Dole a shafa wa gilashi magani, a ɗauki hoto, a wanke shi tun bai bushe ba, watau duk cikin 'yan mintoci, don haka sai ya yi tafiya da tantin duhu da kwalaben magani da ayarin 'yan dako. A wasu garuruwa an jefe shi da duwatsu, saboda jama'a sun ɗauka akwatin yana rage wa mutum kwana.

Manya kuwa sun karɓe shi. Ya ɗauki Ruilin, babban gwamnan lardunan kudu da ke zaune a Kanton. A Bejin ya shiga ofishin hulɗa da ƙasashen waje da aka kafa a 1861, ya ɗauki waziransa a cikin lambu, dattawa cikin riguna marasa ado, sun zauna a natse. Ya kuma ɗauki shugabansu, Yarima Gong ɗin nan dai. Shekara goma sha ɗaya bayan ranar da ya firgita, ga shi zaune a waje cikin sakewa, ya san abin da akwatin ke yi, ya kuma san amfanin da zai yi masa a idon ƙasashen Turai.

Thomson ya lura cewa Sinawa suna da sharuɗɗansu in za a ɗauke su. Suna son fuska ta fito sosai tana duban gaba, kunnuwa biyu duk a gani, jiki ya fito daga hula har takalmi, kuma kada inuwa ta taɓa ko'ina a fuska. Bature mai hoto yana ganin inuwa ce ke ba fuska kyau; shi kuwa hakimi yana ganinta kamar datti ko tabo. Wannan ba sabon abu ba ne, domin tun ƙarni na 18 mai zanen nan ɗan Italiya, Giuseppe Castiglione, da ya yi aiki a fadar Bejin, sai da ya koyi zana fuskar sarki ba tare da inuwa mai nauyi ba. Asalin abin shi ne zanen kakanni da kowane babban gida ke ajiyewa: mamaci a zaune bisa kujera cikin kayan sarautarsa, yana fuskantar zuriyarsa. Hakimin da ya zauna gaban akwati irin wannan sura yake da ita a zuci. Shi ya sa ba a ganin murmushi. Ƙafafu a buɗe, hannuwa a kan gwiwa, a gefe ga ɗan tebur da kofin shayi mai murfi, da tulun furanni, wani lokaci da lofen ruwa ko agogo.

Ba a daɗe ba Sinawa da kansu suka shiga sana'ar. Lai Afong na Hong Kong ya shahara har Thomson ya yaba da gwanintarsa, Liang Shitai kuwa ya tashi daga kudu ya koma Tianjin, ya zama mai ɗaukar manyan arewa.

HAKIMAN HAYA

Ba duk wanda ya fito da tsuntsu a ƙirji ne hakimi ba. Matafiya da 'yan kasuwa da sojojin Turai suna son komawa gida da hoton mandarin, masu ɗakin hoto kuwa suna son kuɗinsu. Wani Ba'amurke, Milton Miller, wanda ya yi aiki a Hong Kong da Kanton a farkon shekarun 1860, ya bar hotuna masu kyau ƙwarai na hakimai da matansu. Masanin tarihin zane Wu Hung ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya nuna cewa fuskoki iri ɗaya ne ke ta maimaituwa cikin tufafi daban daban, watau mutum guda yakan fito a nan da wata daraja, a can da wata. Ke nan mutanen haya aka sa wa kayan sarauta aka sayar wa baƙi.

Akwai kuma wata ƙura da ta fi wannan. Tawayen Taiping, wanda aka yi daga 1850 zuwa 1864, ya cinye rayukan mutane aƙalla miliyan 20, ya kuma ƙwaƙule baitulmali. Don neman kuɗi gwamnati ta buɗe ƙofar sayar da darajoji fiye da dā. Attajirin da bai taɓa zama jarrabawa ba yana iya biya ya sami dutse a hula da tsuntsu a riga, ko da ba shi da gundumar da yake mulki. Irin wannan mutum shi ya fi kowa zumuɗin zuwa ɗakin hoto. Saboda haka yawan kayan sarautar da ake gani a hotunan ƙarshen ƙarni na 19 shi kansa alama ce ta cewa sarautar ta fara araha.

MASU BAKA DA MASU BINDIGA

A al'adar Sin ta lokacin alƙalami ya fi takobi. Suna da karin magana cewa ba a ƙera ƙusa da ƙarfe mai kyau, haka nan mutumin kirki ba ya zama soja. Hafsoshi ma suna da tasu jarrabawar, amma abin da ake gwadawa shi ne harbi da baka a kan doki da a ƙasa, da jan baka mai tauri, da juya ƙatuwar adda, da ɗaga dutse. Ba a soke wannan jarrabawa ba sai a 1901, lokacin da duniya ta riga ta saba da bindiga mai aman harsashi.

Hotuna sun nuna wannan gibi ƙarara. Thomson ya ɗauki sojojin Mancu a Bejin da bakansu da kwarinsu. Sauran sojoji ana ganinsu da 'yar riga mai faɗi, a ƙirji akwai da'ira da aka rubuta harafin da ke nufin soja ko jarumi, a hannu mashi ko bindiga irin ta dā mai lagwani. Mafi ban tausayi su ne hotunan da Beato ya ɗauka a ganuwar Taku ran 21 ga Agusta, 1860, jim kaɗan bayan Turawa sun ci ta. Gawawwakin masu tsaronta suna warwatse a gindin igwoginsu. Wani likitan sojan Ingila da ke wurin ya ba da labari cewa Beato ya roƙa kada a taɓa gawa ko ɗaya sai ya gama aikinsa. Waɗannan suna daga cikin hotunan farko a duniya da suka nuna matattu a filin daga, kuma a Landan aka sayar da su.

Manyan da suka ceci sarautar daga tawaye ma ba hafsoshin gado ba ne, malaman jarrabawa ne da suka tara mayaƙa daga lardunansu. Ɗaya daga cikinsu, Zuo Zongtang, wani ɗan ayarin Rasha mai suna Adolf Boyarski ya ɗauke shi a Lanzhou a 1875, kafin ya tafi yaƙin Xinjiang: dattijo mai jiki, cikin kayan sarauta, da carbinsa a wuya.

MUTUM ƊAYA, HOTUNA DA YAWA

Da wuya a sami ma'aikacin Sin da aka ɗauka hoto kamar Li Hongzhang, wanda aka haifa a 1823, ya kuma riƙe babban gwamnan lardin Zhili daga 1870 zuwa 1895. Dogo ne ƙwarai, mai kwarjini, kuma ya gane tun da wuri cewa hoto wani jakada ne. A 1879 Liang Shitai ya ɗauke shi a Tianjin tare da tsohon shugaban Amurka, Ulysses Grant, kowa a kujerarsa, tebur a tsakani, babu wanda ya fi wani tsawon zama. A 1886 ya sake ɗaukarsa tare da Yarima Chun lokacin da suka je duba sababbin jiragen ruwan yaƙin da Li ya sayo daga Turai.

Ba a yi shekara goma ba Japan ta ragargaza jiragen nan. A 1894 fada ta tuɓe wa Li rigarsa rawaya da gashin ɗawisunsa mai ido uku. Da aka rasa wanda Japan za ta yarda ta zauna da shi, sai aka mayar masa da su aka tura shi Shimonoseki. A can, ran 24 ga Maris, 1895, wani saurayi ɗan Japan ya harbe shi a ƙarƙashin idon hagu. Da raunin a fuska ya sa hannu ran 17 ga Afrilu, Sin ta ba da tsibirin Taiwan da diyyar azurfa tayil miliyan 200, tayil ɗaya kuwa nauyin giram 37 ne ko kusa da haka. A 1896 ya zaga Rasha da Jamus da Ingila da Amurka, aka ɗauke shi tare da Bismarck, dattawa biyu waɗanda zamani ya fara juya wa baya. Hotonsa na ƙarshe da duniya ta sani shi ne na ran 7 ga Satumba, 1901, yana zaune a tebur da wakilan ƙasashe goma sha ɗaya, inda aka ɗora wa Sin diyyar tayil miliyan 450 bayan boren 'yan Dambe. Wata biyu cur bayan haka ya mutu.

ƘARSHEN TUKKU

Daga nan kamannin da ke cikin hotuna suka shiga sakewa da sauri. Sabuwar rundunar da Yuan Shikai ya fara horarwa kusa da Tianjin a 1895 ta koma sa kaki irin na Turai, da maɓallai da bel da takobi, sojoji suna naɗe tukkunsu a ƙarƙashin hula. Uwar sarki Cixi, wadda ta yi kusan shekara hamsin tana juya fada daga bayan labule, ita ma ta zauna gaban akwati daga 1903, wani ɗan jakada mai suna Xunling ya ɗauke ta, aka aika wa shugabannin ƙasashe. A 1905 aka soke jarrabawar da ta yi fiye da shekara dubu tana fid da hakimai. Bore ya tashi a Wuchang ran 10 ga Oktoba, 1911, ran 12 ga Fabrairu, 1912 kuma aka ba da sanarwar murabus ɗin Puyi, sarki na ƙarshe, yaro ɗan shekara shida. Gwamna Lugga, wanda ya ci Kano da Sakkwato a 1903, shi ne Gwamnan Hong Kong a lokacin, yana kallon abin daga bakin iyaka. Masu hoto suka koma ɗaukar sojoji da almakashi suna datse tukkun mutane a kan titi, shi kuwa Yuan Shikai, wanda aka sani da tsuntsu a ƙirji, ya fito cikin kakin janar a matsayin shugaban jamhuriya.

Gilasan da Thomson ya ɗauka suna nan a Landan, a ma'ajiyar Wellcome, wadda mai kafa ta ya saye su a 1921. Wasu daga cikin na Cixi suna gidan adana kayan fasaha na Freer a Washington. Galibin hotunan nan a hannun baƙi suka tsira, baƙi ne kuma suka rubuta bayanin da ke ƙarƙashinsu, sau da yawa ba tare da sunan mai hoton ba, sai kalmar mandarin kawai. Masana a Sin da wajenta suna bin su da haƙuri, suna ƙirga idon gashin ɗawisu, suna tantance tsuntsun ƙirji, suna gwada fuska da fuska, don su gane wane ne hakimin gaske, wane ne ya sayi rigar, wane ne kuma aka ara wa ita na rabin sa'a.